Wasiƙar da Aka Rubuta wa Ɓauna

Lahadi, 9 ga Maris

Sau ɗaya zan rubuta, in rufe littafin nan in tura shi ƙarƙashin katifa. Ko Fada ban faɗa wa ba da na je furta zunubi, don ban san sunan da zan sa wa abin ba.

Na sa kan Ulan.

Ni ɗin nan, Shaira, da nake jan tsaki duk Asabar tun daga ƙofar gida har bakin kogi. Na sa kan, na sa hannuwan, na sa kofatan, na ɗaura jelar. Abin da ya fi ci mini rai kuma, na ji daɗi.

Ulan ɓauna ce shuɗiya ta soso da gashin roba. Ta yayata ce, Ate Mirasol, don Ate muke ce wa duk macen da ta girme mu. Shekara biyu ta yi tana haɗa ta a bayan shagon takalman babanmu, Tatay, da gam ɗinsa da almakashinsa, har ya gaji da faɗa. Mace mai shekara ashirin da uku, mai sa farin kaya a kantin magani, wai ita ce ɓauna. Su suna kiran kansu furi. Ni 'yan jela nake ce musu.

In ta sa kan, ta wata 'yar raga da ke cikin idon take leƙe, ba ta ganin ƙasa, ba ta ganin gefe. Dole sai da 'yar jagora. Ni ce. Uwarmu, Nanay, ce ta ɗora mini, wai ko na sha iska in huta da littattafan soyayya. Ni ke riƙe gorar ruwa, ni ke cewa ga matakala, ni ke korar yara in sun ja jela. Ni ce ma bakinta, don Ulan ba ta magana. Doka ce. Komai nasu doka ne.

Ranar 22 ga Fabrairu, muna isa ƙofar lambun bakin kogi aka kira ta a waya, abokiyar aikinta ba lafiya. Ko mutum ɗaya cikin 'yan jelan bai gan mu ba. Ta danƙa mini akwatin Ulan ta ce, "Kai ta gida, Auta, kar ki ajiye ta a rana," ta haye jifni, motar hayar garinmu. Ni kuwa sai ƙafata ta kai ni banɗakin lambun. Tsawonmu ɗaya da Ate. Minti arba'in na yi a waje.

Ba wanda ke sa Ulan sai ita. Ate Lorna, ƙawarta tun firamare, ta taɓa ɗora kan don a ɗauke ta hoto, ko minti ɗaya bai yi ba. Bara ne. Har yau ba sa gaisawa. "Kamar a cire fuskata a ba wata ta yi yawo da ita ne," in ji Ate.

To ni na yi yawo da ita.

Talata, 11 ga Maris

Sun kai talatin masu zuwa lambun, amma masu kaya irin na Ate ba su fi shida ba. Sauran kunne ne da jela, wasu ma kati kawai a rataye a wuya, da zanen dabbar mutum da sunan da ya raɗa wa kansa. Ba mai kiran wani da sunan da uwarsa ta sa masa. Akwai Kuya Bong, ƙato da tumbi, mai gyaran firji, 'ya'yansa biyu, shi damisa ne mai ruwan hoda. Akwai masu zane da ke zama gindin bishiya su share awa guda suna gardama ko kunnen dila ya fi na kerkeci tsini. In za ka rungumi mutum sai ka buɗe hannu ka jira ya yarda. Ba a taɓa jela. Ba a cire kai a gaban jama'a ko da zufa za ta kashe ka, wai kar a ɓata wa yara sihirin. Sihiri. Ni da nake fesa wa cikin kan sifirit duk Lahadi na san warin sihirin.

Duk wannan da sauƙi in da ba Arvin a ciki.

Aji ɗaya ya girme ni a makaranta. Shekara biyu ina kallon ƙeyarsa a layin safe. A littattafaina namijin yakan zama kyaftin ɗin jirgin ruwa, ko mai gonar rake da tabo a gira, wanda ba ya dariya sai a shafi na ɗari da ashirin. Nawa jemage ne. Da hannunsa ya ɗinka fukafukai a baƙar riga, ɗinkin ma a karkace. Ranar da na fara ganinsa a lambun da kunnuwa a ka, sai da na koma gida na kwanta rub da ciki.

Abin da ban rubuta shekaranjiya ba ke nan. Da na fito cikin kayan Ulan, abu na farko da na ji ta cikin soson shi ne, "A'a, Ulan ita kaɗai? Ina Lemon Tsami yau?" Aka kwashe da dariya. Ashe sunana ke nan a wurinsu. Ni ma sun raɗa mini, ban sani ba.

Na bar su, na bi bakin ruwa ina tuntuɓe. Sai ga Arvin zaune shi kaɗai a kan siminti, kunnuwan a hannu. Shaira in ta hango Arvin tsallake titi take yi. Ulan kuwa zuwa ta yi ta zauna kusa da shi, ta ɗora masa kofato a kafaɗa. Ya ce daga filin jirgi yake, uwarsa ta tafi aikatau ƙasar waje, shekara biyu. Ya yi kuka a cikin shuɗin gashin. Na jingina kan a nasa, saura kaɗan ƙahon ya tsone masa ido, ya yi dariya da majina. Ban ce uffan ba. A rayuwata ban taɓa yin shiru aka ɗauke shi abin kirki ba sai ranar.

Asabar, 15 ga Maris

Ya zo wurina. Wurina ni, ina tsaye da gora da tawul kamar mai yi wa 'yan dambe hidima. Ya ce, "Shaira ko?" Ya san sunana. Ya ciro farar ambulan daga cikin fiffike. Kunnuwana suka ɗauki zafi, na riga na hango shafin ƙarshe, har da ruwan sama da laima ɗaya.

"Don Allah ki ba Ulan. Ta hannunki ake bi, ko ba haka ba?"

Haka ne. Ta hannuna ake bi. A bayan ambulan ɗin ya zana ƙaho biyu.

Ɗan Adam da hankalinsa, wanda ya fi kowa lissafi a ajinsu, ya zauna ya rubuta wa soso wasiƙa. Ga Ate Mirasol can tana tiƙar rawa da damisa, ya san ita ce a ciki, kowa ya sani, amma ba zai ce ki ba yayarki ba. Ki ba Ulan. Na sa ta cikin littafin da nake karantawa, na ce to.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban ba ta ba.

Laraba, 19 ga Maris

A littattafai tururin buta ake sa wa ambulan ta buɗe. Ni tukunyar shinkafa na samu, Nanay na waje tana ciniki da mai kifi. Ta buɗe, amma yanzu takardar ƙamshin shinkafa take.

Ba wasiƙar soyayya ba ce. Na karanta sau huɗu ina neman kalmar, babu. Godiya ce. Ya ce tun ranar 22 ga Fabrairu yake son ya faɗa bai samu baki ba. Ya ce, "Kullum ke ce mai tsalle da rawa, ranar kuwa kin zo kin zauna kawai. Ban san akwai wannan Ulan ɗin ba. Ita nake so in sake gani sau ɗaya." Ana gama makaranta zai koma Iloilo wurin kakarsa, ranar 7 ga Afrilu. Ya zana mata sabon kati, su biyu a bakin kogi. Ranar babban taronsu na shekara, 5 ga Afrilu, zai jira a ƙofar ɗakin cire kai bayan fareti. In ta tuna, ta zo ta zauna. In ba ta zo ba, ya fahimta.

Ɗakin cire kai. Har ɗaki gare su, cike da fankoki, inda kura da zomo ke zama da kawunan mutane suna shan ruwa kamar waɗanda aka tsamo daga rijiya.

Yanzu ga inda nake. In na ba Ate, za ta karanta labarin ranar da tana bayan kanta tana ƙirga ƙwayoyin mura. Ba sai ta tambayi kowa ba, akwatin a hannun mutum ɗaya yake. Kuma ba ma shi kaɗai ba, takardar cewa take an fi son Ulan ɗin da ba ita ba. In ban ba ta ba, zai tsaya a ƙofar nan da katinsa har a kashe fankoki.

Na mayar da ita, na liƙe da gam ɗin Tatay.

Asabar, 22 ga Maris

Ya zo ya zauna kusa da Ulan a kan benci, a hankali, kamar mai shiga coci a makare. Ate kuwa me ta sani? Ta miƙe ta kama fukafukansa ta yi ta kaɗa su, ta murɗa masa kunne, ta juya ta kaɗa masa jela. Kowa na dariya. Shi ma ya yi, irin ta dole.

Daga baya ya same ni wurin mai taho, awara mai laushi da zaƙi da ake sha da ɗumi. "Ta karanta?"

"Tana tunani," na ce.

Ɓauna tana tunani. Ya gyaɗa kai kamar na faɗi abin hankali. Ya saya mini kofi ɗaya, na riƙe har ya huce.

Talata, 25 ga Maris

Ate ta dawo aiki da wuri, ta shimfiɗa Ulan a bayan shago tana taje ta da buroshin karnuka. Ni ina gefe wai ina karatu. Ta zura hannu cikin kan za ta gyara 'yar fankar da ke cikin hancin, sai ta zaro gashi ɗaya. Dogo, baƙi. Nata ko kunne bai rufe ba.

Ta naɗe shi a yatsa, zagaye nawa ban ƙirga ba. Ta ce, "Auta, gashin nan naki ba inda ba ya zuwa. Jiya a miya, yau a nan."

Na ce ai ni ke fesa sifirit.

"Haka ne," ta ce. Ta ci gaba da tajewa. Ba ta kalle ni ba, kuma Ate in ba ta kalle ka ba ya fi muni.

Tatay yana buga ƙusa a dunduniyar wani takalmi ya ce da a ce rabin kulawar da ake ba sanuwar nan ake ba shi, da ya yi ƙiba. Ate ta ce ɓauna ce. Ya ce a kawo ta gona ya gani.

Alhamis, 27 ga Maris

Shafi na 88 nake tun ranar da na sa ambulan ɗin a ciki. Kyaftin ɗin yana nan tsaye a bakin jirgi, ya buɗe baki zai yi magana, kwana goma sha biyu ke nan.

Asabar, 29 ga Maris

Zafin yau ko kare bai fito ba, amma 'yan jela sun fito. Wai gwajin fareti.

Ni na fara lura da Kuya Bong. Damisa ya daina kaɗa hannu, ya tsaya ƙafa a ware, kan yana sunkuyawa kaɗan kaɗan. Na san alamar, Ate ta taɓa yi mini haka. Jagoransa yana can yana ɗaukar hoto. Na saki Ate na ruga, kafin in isa ya durƙusa.

Ga mutum zai suma, ka san abin da suka fara yi? Tawul. Kowa ya warware nasa, masu fukafukai suka buɗe, suka kewaye shi suka yi katanga don kada yaran da ke cin askirim su ga an cire wa damisa kai. Na ce, "Ku matsa iska ta shigo, mahaukata." Ban san muryata ta kai haka ba. Na ɓalle maɗaurin na zare kan, ga fuskarsa jawur kamar an dafa. Na zuba masa ruwa a wuya.

Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya, "Yaran sun gani?" Aka ce a'a. Ya lumshe ido ya ce madalla. Wata 'yar yarinya tana can tana jira da balan-balan, wai damisa ya yi mata alkawarin hoto. Bayan rabin awa ya mayar da kan ya je aka ɗauka. Shirme tsantsa. Amma zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: da aka zo mayar da kan, ni ma tawul na riƙe, kuma na ɗaga shi sama sosai.

Yanzu sunan ya fito fili. "Lemon Tsami ta ceci damisa." Kuya Bong ya ce zai gyara mana firji kyauta har abada. Na ce namu lafiyarsa ƙalau. Ya ce zai ɓata shi ya gyara.

Arvin yana kusa da ni a katangar, fiffikensa na taɓa hannuna. Da aka watse ya ce, "Kin ɗaure fuska kamar ba ruwanki, amma ke kaɗai ke kallon kowa." Na hau ninke tawul. Sai ya ce, "In ba ta so, ki faɗa mini kawai. Ba zan ji haushi ba. Wataƙila ni na ɗauki abin da girma, ita ta manta."

Ba ta manta ba. Saura kaɗan in faɗa. Na ce jifninmu ya zo.

Litinin, 31 ga Maris

Na zauna na rubuta masa amsa da sunan Ulan. Shafi biyu, har da wata da taurari. Na karanta, na ga ai Ulan ba ta magana, wannan surutun duk na kyaftin ne da budurwarsa. Na yage.

Na kuma yi tunanin in sace kan ranar taron in ta shiga wanka. Otal ɗin da za a yi taron cike da 'yan jela ɗari biyar, kowa ya san tafiyar kowa. Kuma sai in zama mai sata sau biyu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na kai wa Ate abincin rana kantin magani, ta manta shi a gida. Na tsaya a bakin ƙofa. Wata mata mai zobba tana zazzaga mata masifa kan maganin da babu, har da nuna ta da yatsa. Ate tana cewa, "To, ranki ya daɗe. Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe." Muryarta 'yar ƙarama, kafaɗunta a zube. Ban taɓa ganinta a wurin aiki ba. Na ɗauka ni kaɗai ce a gidanmu mai irin wannan muryar.

Da ta gan ni ta karɓi kwanon ta ce, "Kar ki tsaya kallo, Auta, ba fim ba ne." Sai ta rage murya ta ce saura kwana uku. Idonta har ya canza.

A jifni na yi ta tuna minti arba'in ɗin nan. Ni sau ɗaya na ɗana, ta sata. Ita shekara biyu ta yi tana yanka soso kafin ta samu inda za ta ɗaga kafaɗa.

Har yanzu kan Ulan wari yake, wannan ban janye ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Gobe ne.

Na lissafa duk yadda zai iya ƙarewa, ba ko ɗaya da ke cikin littafi. Za ta iya yi mini irin ta Ate Lorna, ga shi ɗakinmu ɗaya, gado sama da ƙasa. Za ta iya nemo wata 'yar jagora a daren nan, da ma abin da nake roƙo ke nan tun bara, ban san me ya sa yanzu ba na so ba. Za ta iya zuwa da kanta ta zauna kusa da shi ta yi shiru, shi kuma ba zai taɓa sani ba. Ko ta ce in je in faɗa masa da bakina, da wannan fuskar, ba soso ba raga. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya gobe da gora a hannu ina kallonsa a ƙofar ɗakin nan, da fukafukansa masu karkataccen ɗinki, yana leƙa duk ƙahon da ya fito. Ya tafi Iloilo yana zaton ya yi kuka a kafaɗar wadda ta manta.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Manya ne da jela, ba abin da zai sa in daina ganin haka. Kawai wasiƙar ba tawa ba ce. Ko tawa ce, amma ba sunana a kai. Oho. Mai ƙahon ita za ta yanke.

Zan faɗa mata na buɗe, don ƙamshin shinkafar ma zai tona ni. Zan faɗa mata ranar, da banɗakin, da gashin. Ina jin ta riga ta san na gashin, tun ranar Talatar nan take ajiye akwatin a inda hannuna zai kai, tana jira ta ga ko ina da baki.

In ta huce, wata rana, ba yau ba, akwai ragowar soso mai yawa a bayan shago, Tatay kullum cewa yake a zubar. Tambaya kawai zan yi, ko kunnen mujiya yana da wuyar yankawa. Ban ma tabbata mujiya tana da kunne ba.

Ga ta can ta kunna fanka, ina jin ƙarar buroshin. Na ciro ambulan ɗin daga shafi na 88. Bari in sauka kafin Nanay ta kira cin abinci.